Tantance Farkon Cutar Mantuwa a Tsakanin Dattawa Masu Magana da Sifaniyanci a Asibitocin Matakin Farko na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar gajerun gwaje-gwajen da likitocin matakin farko a Amurka ke gano farkon cutar mantuwa da su, ta kuma duba yadda suke aiki a kan dattawan da Sifaniyanci ne harshensu. Matsayinta shi ne makin da dattijo ya ci yakan nuna zurfin karatunsa kamar yadda yake nuna lafiyar ƙwaƙwalwarsa, saboda haka fassara takardar gwaji kaɗai ba ta wadatar ba.

Gabatarwa

Ƙidayar 2020 ta nuna mutane kimanin miliyan 62 a Amurka 'yan asalin ƙasashen Latin ne. Ƙungiyar Alzheimer ta ƙasar ta ƙiyasta cewa haɗarin cutar mantuwa ga dattawansu ya kai ninki ɗaya da rabi na na fararen fata. Tun 2011 shirin inshorar Medicare ya sanya duba lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ziyarar shekara-shekara, amma bai ɗaure likita da wani gwaji guda ba. A 2020 kuma kwamitin USPSTF ya ce hujjar da ke ƙasa ba ta kai a ba da shawarar tantance duk mai shekara 65 da bai nuna alama ba. Likita dai an ce ya duba, an bar masa zaɓin ma'auni. Lamarin ya ƙara nauyi tun 2023 da aka amince da maganin lecanemab, wanda sai a farkon cutar ake bayar da shi.

Ma'aunai da Gurbinsu

Gwajin MMSE na Folstein da abokan aikinsa, na 1975, yana da maki 30, kuma an saba zargin matsala a ƙasa da 24. Escobar da abokan aikinsa sun gwada shi a Los Angeles, a rahotonsu na 1986 suka ga tambayoyin lissafi, da jero haruffan kalma daga baya, da faɗin sunan gunduma ko yanayin shekara suna karkata bisa ilimi da asalin mai amsawa. Dalilin a fili yake: wanda ya tashi inda damina da rani kawai aka sani, bai zama mai mantuwa ba don ya yi jinkirin zaɓa cikin yanayi huɗu.

MoCA, wanda Nasreddine ya fitar a Kanada a 2005, ya fi MMSE kama rauni tun yana ɗan kaɗan. Sai dai a ƙasa da maki 26 yake zargin matsala, kuma maki ɗaya tak yake ƙara wa duk wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba. A nan gizo ke saƙar. Maki ɗayan nan shi ake ba wanda ya kammala sakandare, shi kuma ake ba manomin da ya bar makaranta a aji uku a ƙauyen Meziko. Zanen akwati mai kusurwa da haɗa lambobi da haruffa aikin aji ne. Wanda hannunsa bai saba da alƙalami ba, zai iya faɗuwa ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Binciken WHICAP a arewacin Manhattan, inda 'yan Jamhuriyar Dominikan suke da yawa, ya nuna iya karatu ya fi yawan shekarun makaranta bayyana makin mutum. Abin da ke rikita lissafi shi ne binciken ya kuma gano rashin iya karatu na tafiya da ƙarin haɗarin cutar, don haka ba za a kore ƙaramin maki da cewa jahilci ne kawai ba.

Mini-Cog na Borson, na 2000, kalmomi uku ne da zanen agogo cikin kusan minti uku. Yana da sauri, amma agogon ma alƙalami yake nema. Fototest na Carnero-Pardo daga Granada ya kauce wa wannan, domin hotuna ake nunawa, ba a rubuta komai.

Masu magana da Sifaniyanci ba jinsi ɗaya ba ne. Binciken SOL-INCA, a Bronx, Chicago, Miami da San Diego, ya sami ƙaramin raunin ƙwaƙwalwa a kusan kashi 10 cikin 100, ya fi yawa a 'yan Puwato Riko, ya yi ƙasa a 'yan Kyuba. A Sacramento kuwa, binciken SALSA da aka fara a 1998 ya danganta ciwon suga da cutar mantuwa a tsakanin 'yan asalin Meziko.

Tattaunawa

A ganin wannan maƙala, tambaya biyu ya kamata su riga kowane gwaji: aji nawa dattijon ya kai, kuma da wane harshe ya fi sakewa? Amsar ce za ta zaɓi ma'auni. Ƙaramin maki kuma dalilin zurfafa bincike ne, ba hukunci ba, domin ƙarancin bitamin B12, wanda daɗewa ana shan maganin suga metformin ke iya jawowa, da raunin aikin thyroid, da baƙin ciki, da kurumta duk suna kama da mantuwa.

Saura batun iyali. Sau da yawa 'ya ko jika ke rako dattijo, kuma idan babu tafinta sai a ɗora musu aikin. Kara da tausayi kan sa su gyara masa amsa ko su ba shi haske, gwajin ya lalace. Gurbinsu na gaskiya shi ne AD8 na Galvin, na 2005: tambayoyi takwas kan ko an ga canji a riƙon kuɗi, cika alƙawari ko maimaita zance, inda amsa biyu na "eh" suka isa a bincika. Tun da ana gwada dattijon ne da yadda yake a da, ƙarancin karatu ba ya cutar da shi sosai. Ya fi kyau a yi wa ɗan rakiyar tambayoyin a keɓe, domin ba kowace 'ya ce za ta faɗi gazawar mahaifinta a gabansa ba.