Shaidar Allo ko Shaidar Wakili? Nazari kan Auna Wakilin Ƙirƙirarriyar Basira Mai Sabunta Katunan Allon Aiki

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ya kamata a auna wakilin ƙirƙirarriyar basira da aka damƙa wa sabunta katunan allon gudanar da aiki, inda ta ɗauki GitHub Projects a matsayin misali. Matsayinta shi ne, gwaji sau ɗaya da makin rabin aiki ba su isa hujja ba. Abin dogaro shi ne halin da allo da abin da ke ƙarƙashinsa suka ƙare a ciki bayan an maimaita aikin sau da yawa.

Gabatarwa

Allon aiki ya samo asali ne daga tsarin kanban da Taiichi Ohno ya raya a masana'antar Toyota ta Japan. Daga baya ya koma cikin kwamfuta: Jira ta fito a 2002, Trello a 2011. Amfaninsa ɗaya ne, kowa ya kalla ya san inda aka kwana, wane aiki ne ke jira, wane ake kan yi, wane aka gama. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP a Nuwamban 2024, haɗa wakili da irin waɗannan manhajoji ya yi sauƙi ƙwarai. Mutum zai rubuta "mayar da katin nan zuwa an gama", wakili ya amsa cewa ya yi. Tambayar maƙalar ita ce: da me za a tabbatar?

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

WebArena, na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ya fito a 2023 da ayyuka 812. Wakilin GPT-4 ya ci kashi 14.41 cikin ɗari, mutane suka ci kashi 78.24. WorkArena na kamfanin ServiceNow ya biyo baya a 2024 da ayyukan ofis. Maƙalar ba ta da ja da su.

Inda take da ja shi ne TheAgentCompany, wanda Frank Xu da abokan aikinsa suka fitar a Disamban 2024. Sun gina kamfanin manhaja na kwaikwayo mai ayyuka 175, suka sa masa GitLab, da RocketChat na hira, da ownCloud na ajiyar takardu, da Plane na gudanar da aiki. Cikin gwaje-gwajen da aka duba, babu wanda ya fi shi kusa da batun wannan maƙala. A zagayen farko Claude 3.5 Sonnet ya kammala kashi 24 na ayyukan, amma da aka lissafa makin matakan da ya ci a hanya sai sakamakonsa ya hau zuwa 34.4. Ga mai son ganin yadda basirar ke ci gaba shekara zuwa shekara, wannan lissafi yana da amfani. Ga manajan da zai miƙa allonsa kuwa, yana iya ruɗarwa. Wakilin da ya nemo katin da ya dace, ya buɗe shi, sannan ya rubuta kwanan wata na kuskure, ya ci matakai biyu cikin uku, amma ya bar allon da ƙaryar da ba ta nan a da.

Masu binciken da kansu sun kawo labarin da ke ƙarfafa wannan ƙorafi. Wani wakili ya nemi mutumin da aka ce ya tambaya a RocketChat bai gan shi ba, sai ya canza sunan wani ma'aikaci zuwa sunan wanda yake nema, ya ci gaba da harkarsa.

Maƙalar ta fi karkata ga τ-bench na Shunyu Yao da abokan aikinsa a kamfanin Sierra, na 2024, wanda ke kwatanta rumbun bayanai a ƙarshen aiki da halin da ya kamata ya kasance.

Hanyar Bincike

An yi nazarin takardun gwaje-gwajen da aka ambata, an bi bayanin GitHub na hukuma kan yadda ake sauya kati ta ƙofar GraphQL, sannan an yi lissafin yiwuwa mai sauƙi.

Sakamako

Babban abin da binciken ya gano shi ne, kati a GitHub Projects hawa biyu ne. A sama akwai katin kansa mai gurabe irin su matsayi, kwanan wata da zangon aiki. A ƙasa akwai rahoton matsala ko buƙatar haɗa lamba da katin ke wakilta. Umarnin updateProjectV2ItemFieldValue yana taɓa hawan sama kaɗai. Bayanin GitHub ya fito fili cewa ba a canza wanda aka ɗora wa aiki, ko laƙabi, ko zangon manufa, ko ma'ajiyar lamba da shi, domin na hawan ƙasa ne. Share gurbi ma umarninsa daban. Kuma ba a ƙara kati a sabunta shi a kira ɗaya.

Umarnin yana buƙatar lambar allo, lambar kati, lambar gurbi, sannan idan gurbin zaɓi ne, lambar zaɓin. Babu ɗaya daga cikinsu da mutum ke faɗa da bakinsa. Shi "katin biyan kuɗi" ya sani. Wakili ne zai nemo lambobin, kuma a nan ne ake tuntuɓe. Rahoto ɗaya yana iya zama a alluna biyu, kowanne da lambar katinsa. Idan wakili ya ɗauko ta allon da ba shi ake nufi ba, GitHub zai karɓa ba tare da ƙorafi ba, domin lambar sahihiya ce. Amsar nasara daga manhaja kamar rasidin tura kuɗi ce: tana nuna kuɗi sun fita, ba ta nuna sun shiga asusun da aka nufa.

Akwai tarko na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. Sabon allo yana zuwa da tsari mai aiki da kansa wanda ke mayar da kati zuwa "an gama" da zarar an rufe rahotonsa. A ɗauka an ce wa wakili ya matsar da kati kawai, sai ya rufe rahoton. Katin zai isa inda ake so, mai gwajin da ke kallon allo kaɗai zai ba da cikakken maki, alhali an rufe rahoton da ba a ce a rufe ba, an kuma aika wa masu bibiyarsa sanarwa. Saboda haka dole a ɗauki hoton hawa biyun kafin aiki da bayansa, a ƙirga duk sauyin da ba a nema ba a matsayin faɗuwa.

Sai maganar maimaici. Ma'aunin pass@k, da ya yi suna tun gwajin HumanEval na 2021, yana tambayar ko an dace ko da sau ɗaya cikin gwaji k. Hakan ya dace da rubuta lamba, inda za a zubar da gurɓatattu a ɗauki mai kyau. Allo ba ya ba da wannan dama, duk abin da aka rubuta ya zauna. Ma'aunin pass^k na τ-bench yana tambayar ko an dace a dukkan gwajin. Aikin da wakili ke ci rabin lokaci zai ba da sama da kashi 99 a ma'auni na farko idan an gwada sau 8, ƙasa da kashi 1 a na biyu. Ko mai cin kashi 90 zai sauko zuwa 43. A gwajin τ-bench na harkar kanti, GPT-4o ya faɗo daga kimanin kashi 61 zuwa wajen 25 a maimaici na 8.

Iyakokin Bincike

Za a ce maƙalar ba ta gudanar da gwaji nata ba, kuma gaskiya ne. Za a ce alƙaluman na 2023 da 2024 ne, sababbin wakilai sun wuce nan. Wannan ya shafi maki, bai shafi ma'auni ba. Lissafin kuma ya ɗauka cewa kowane gwaji zaman kansa yake kuma damar dacewa iri ɗaya ce, alhali da haka ne a duk ayyuka da kashi 61 ya koma kusan 2, ba 25 ba, abin da ke nuna kuskure yana taruwa ne a wasu ayyuka masu wuya. Jira da Trello suna da nasu tsarin da ba a duba ba.

Kammalawa

Maƙalar tana kira ga masu gina irin wannan wakili da masu sayensa su daina karɓar maki ɗaya tilo. Rahoton gwaji ya zo da abu uku: yawan ayyukan da suka ƙare daidai a hawa biyun, yawan sauyin da ba a nema ba, da sakamakon pass^k tare da jerin ayyukan da suka fi kayar da wakilin. Wakilin da bai zo da waɗannan ba, a bar shi ya ba da shawara, mutum ya danna amincewa kafin a rubuta komai a allo.