Baƙin Mai a Ƙasar da Ba Ta Haƙar Mai: Sokode, Dapaong da Sharar da Ba Ta da Mai Ita

Togo ba ta haƙar ɗanyen mai, kuma matatar da aka gina a Lome a ƙarshen shekarun 1970 ba ta jima tana aiki ba aka mayar da tankokinta rumbun ajiya. Wannan ne ya sa da zarar an taso da zancen dagwalon masana'antar mai, hankali sai ya tafi yankin Neja Delta, ko matatar Kaduna, ko ta Damagaram da aka buɗe a 2011. Hujjar wannan maƙala ita ce sharar mai ba a bakin rijiya ta tsaya ba. Tana bin man har inda aka sauke shi, aka sayar, aka ƙona. A garuruwa irin su Sokode da Dapaong, wannan kashi na ƙarshe shi ne ba shi da mai kula da shi.

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Lome, ta ratsa Atakpame, ta iso Sokode bayan kimanin kilomita 340, ta wuce Kara da Dapaong zuwa Cinkasse a kan iyakar Burkina Faso. Ita tankokin mai da manyan motocin kaya ke bi zuwa ƙasashen Sahel. Duk inda mota ta yada zango kuwa, gareji ya samu, wurin wanki ya samu, mai juye ya samu. Wanda ya zaga unguwar Kpangalam ko Zongo a Sokode zai ga abin da ake gani a kowane garin hanya: ƙasar gaban bakanike ta yi baƙi ƙirin ta daskare, kwatar mai wankin mota tana ƙyalli, 'yan bumburutu sun jera kwalaben fetur a gefen titi. Ga kuma babura masu ɗaukar fasinja, kowanne da kusan lita guda ta man inji da ake juyewa a kai a kai.

Man da ya gama aiki a inji ba shi ne wanda aka zuba ba. Ya kwashi ɓurɓushin ƙarafa, da ragowar fetur ko gas da bai ƙone ba, da wasu sinadarai da zafi ke haifarwa waɗanda aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Fetur kansa yana ɗauke da benzin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. A rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni, an sami rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka wannan iyaka sau 900. Ba cewa nake Sokode ta zama Ogoni ba. Girman abin ya sha bamban. Amma hanyar guda ce: mai ya shiga ƙasa, ya sauka a hankali, ya tarar da ruwan rijiya. Wanda ya tsaya a sama kuma, ruwan damina ya kwashe shi zuwa rafukan Kpondjo da Kpandi, daga nan ya nufi kogin Mono.

Wani zai ce ai baƙin mai ba a zubar da shi a banza, saye ake yi. Gaskiya ne, kuma a nan matsalar ta fi wuya. Ana shafa wa katako don gara, ana zuba wa masai don wari da sauro, ana yayyafa wa hanya don ƙura, masu buga bulo na shafa wa injinsu, har akwai mai goga wa dabba idan ta yi ƙaiƙayi. Duk wanda ya yi haka yana da dalili mai ƙarfi, domin maganin gara na kanti tsada gare shi. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan amfani zubarwa ce da ta ɗan yi jinkiri. Na masai ya fi muni, saboda ramin ya fi komai kusa da ruwan ƙasa, kuma man yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Jibge gubar da aka kawo daga Italiya a garin Koko na Najeriya a 1988 na cikin abin da ya haifar da Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai haɗari Afirka. Duk da haka a watan Agusta na 2006 jirgin ruwan Probo Koala ya sauke dagwalon wankin mai a Abijan, aka watsa shi a wurare daban-daban na birnin, mutane suka mutu, kimanin 100,000 suka nemi magani. Ita ma Togo tana da babbar dokar muhalli ta 2008 da hukumar da ke sa ido a kanta. Amma a lura da irin mai laifin da waɗannan dokoki suka hango: jirgi, kamfani, masana'anta, wato wanda ke da suna da adireshi da lauya. Bakaniken da ke juye a gindin bishiya bai shiga lissafin ba, kuma ko an sa shi, babu jami'in da zai iya bin gareji ɗaya bayan ɗaya daga Lome har Cinkasse. Tara da barazana ba za su yi komai ba face su koya wa mutum zubarwa da dare.

Abin da zai yi aiki, a ganina, shi ne a ba wa baƙin mai farashin da ya fi na mai katako. Manyan kamfanonin da ke shigo da man inji ta tashar jiragen ruwa ta Lome an san su. A ɗora musu ɗan kuɗi kan kowace lita, a yi amfani da shi wajen sayen tsohon mai daga hannun bakanike, a tara a ganguna a gidajen mai. Ba sabon tunani ba ne. Faransa da Jamus da Afirka ta Kudu sun daɗe da tsarin tattara tsohon mai. Inda za a kai shi ma akwai. Murhun siminti yana kai zafin digiri 1,450, kuma a Tabligbo da ke kudancin Togo ana gasa dutsen siminti. Sake tacewa ya fi ƙonawa daraja, amma yana buƙatar yawan da sai an fara tarawa za a san ko ya samu. Motocin da ke komawa kudu ba kaya ba su da iyaka. Su ne hanyar jigila mafi arha.

Ruwan wanki kuwa maganinsa bai kai haka tsada ba. Daɓen siminti da rami mai ɗaki biyu ko uku, inda yashi zai kwanta mai ya taso sama a kwashe, aikin magini ne na 'yan kwanaki. Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2019, magadan gari a Tchaoudjo da Tone, wato yankunan Sokode da Dapaong, suna da hurumi kan tsaftar gari. Suna iya sa wannan rami ya zama sharaɗin buɗe wurin wanki ko babban gareji, su kuma bi ta hannun shugabannin ƙungiyoyin bakanikai da direbobi, waɗanda maganarsu ta fi takardar ofis shiga. Gidajen mai su ma a wajabta musu gwajin tankokinsu na ƙarƙashin ƙasa, domin yoyon da ido bai gani shi ya fi daɗewa.

Kafin duk wannan, akwai aikin da ya hau kan masu bincike. Jami'ar Kara na tsakanin Sokode da Dapaong a kan wannan hanya. Ɗalibanta na kimiyyar sinadarai su ɗebi ruwan rijiyoyin da ke maƙwabtaka da gareji da gidajen mai a Kpangalam, da rani da kuma damina, su auna, su buga sakamakon a harsunan da masu rijiyoyin ke ji.