Daga Bindigar Toka Zuwa Harsashin Kakuri

Bindigar toka ba ta da tsirfa. Duk abin da ya shige bakinta ya zama harsashi: curin dalma, gutsuren ƙarfe, har tsakuwa idan ta kama. Maharbi ya auna albarushi a tafin hannunsa, ya ɗura, ya danna tsumma, ya nufi daji. Da ita maharban ƙasar Gbagyi da kudancin Zazzau suka yi ta fama da gwanki da gyado, tun Romi da ke kudancin Kaduna tana ƙauyen manoma, kafin Turawa su mai da Kaduna hedikwatar Arewa a 1917. Kakana maƙeri ne, kuma ban da fartanya da lauje, gyaran bindigar maharba yana cikin abin da ya ci abinci da shi. Masaba da awartaki da zuga-zugi su ne kayansa, ma'auninsa kuwa ido da ɗan yatsa. Ni da na biyo bayansa aikin injin sassaƙa ƙarfe na yi a masaƙun Kakuri, inda kaurin silin gashi kan sa a jefar da aikin yini guda. Tazarar da ke tsakanin sana'arsa da tawa ita ce ta sa nake bin tarihin nan.

Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an riƙa shigo da bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye masu bindiga su tsare sarki. Amma doki da mashi da kibiya su suka ci gaba da riƙe fagen fama. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yi ƙarfi sosai. Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana haɗa albarushi, ana zuba igwa a Zinder. Sarkin Zazzau Yero, a shekarun 1890, ya tara bayi masu bindiga da sunansu ya zama abin tsoro a garuruwan da ke kudu da Zariya, kuma tsofaffin wannan yanki namu ba da daɗi suke tuna su ba. Mafi yawan waɗannan bindigogi ta baki ake ɗura su. Babu abin da zai lalace a jikinsu da maƙerin gari ba zai iya gyarawa ba.

Abin da ya karya wannan 'yanci na maƙeri shi ne harsashi mai kwanso. Daga shekarun 1860 Turawa suka haɗa komai wuri guda: kwanson tagulla, albarushi a cikinsa, dalma a bakinsa, da ɗan ƙoƙon da ke tada wuta a gindinsa. Aka koma sa shi ta bayan bindiga. Sauri ya ƙaru, ruwan sama ya daina kashe wuta, sai dai bindiga ta zama mai zaɓe. Kowace da nata harsashin, kuma wanda bai dace da ita ba, ko ya ƙi shiga, ko ya maƙale, ko ya fasa ta a hannun mai ita. Daga nan wanda ke da bindiga ya zama bawan wanda ke da masana'antar harsashi. Turawa sun gane haka sarai. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 suka hana sayar wa mutanen yankinmu bindigogin zamani da harsasansu, suka bar mana bindigar toka da albarushin kasuwa. Shekara 13 bayan haka, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗi a gaban bindiga mai ruwa.

Akwai wanda ya yi ƙoƙarin tsallake wannan tarko, kuma duk lokacin da na karanta labarinsa sai maƙeran Afirka su ƙara girma a idona. Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana gwabzawa da Faransawa a ƙasashen da ake kira Gini da Mali da Kwaddibuwa a yau har suka kama shi a 1898, ya tara maƙera suna kwaikwayon bindigar Gras ta Faransa. Mayaƙansa kuma sukan tsince kwanson da aka harba, a kai wa maƙera su sake cika shi. Wanda bai taɓa aikin ƙarfe ba ba zai san nauyin wannan ba. Kwanso yana buɗewa idan an harba shi. Kafin ya sake shiga bindiga sai an mai da shi girmansa na fari, kuma waɗannan bayin Allah da hannu suka yi, da magagari, ba injin ba lantarki.

Sake cika kwanso bai mutu ba a duniya. A Amurka, inda doka ta yarda, masu wasan harbi da ƙaramar bindiga suna yi a gidajensu saboda rage tsada. Suna da injin matsi da ake kafawa a kan teburi, kuma a jikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce murfin kwalbar lemo ba, wanda aikinsa kawai ya riƙe leɓen gindin kwanso. Wannan mariƙi shi ya fi ɗaukar hankalina a duk injin. Idan ya yi wa kwanson yawa, kwanson ya karkace, ko leɓen ya yage ya bar shi maƙale a sama. Idan ya yi masa kaɗan, ba zai ma shiga ba. Kamfanoni irin su RCBS da Lee da Hornady kowanne da lambobin mariƙansa, kuma lambar wannan ba ta yi daidai da ta wancan ba, don haka mai saye jadawalin kamfani yake bi, ba ƙiyasin ido ba. Abin da ya sa ma jadawalin ya yiwu shi ne an daɗe da tsayar da awo. Harsashin milimita 9 da ɗan ƙasar Austriya Georg Luger ya fito da shi a farkon ƙarni na 20 girmansa ɗaya ne ko a ina aka ƙera shi, kuma masana'antun Amurka sun kafa ƙungiyarsu ta daidaita awo, SAAMI, tun 1926.

Mu a nan wata hanya muka bi. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida 3. Ƙaramar bindiga ta hannu tana cikin waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar toka tana rukunin ƙarshe, ƙera makami ko harsashi kuwa ba na kowa ba ne. A 1964 gwamnati ta kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON a Kakuri, nan kusa da mu, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. An tsara ta ta riƙa fitar da harsashi miliyan 12 na milimita 7.62 da miliyan 4 na milimita 9 a shekara, kuma lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, aiki ya yi mata yawa ƙwarai. Wato awon da maƙeran Samori suka nema da magagari ya zo ya zauna a kudancin kogin Kaduna. Da yawa cikin mutanen da suka cika unguwannin Romi da Television da Sabon Tasha aikin masana'antun wannan yanki ne ya kawo su, daga masaƙa ta farko a 1957 zuwa kamfanin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980. Muka zama unguwannin masu riƙe ma'auni, 'ya'yan manoma da maharba da maƙera.

Ba na cikin masu cewa a sake wa kowa mara ya cika harsashi a ɗakinsa. Wanda ya zauna a ƙaramar hukumar Chikun a shekarun nan, ya ga yadda aka kwashe ɗaliban makarantar Bethel Baptist a watan Yulin 2021, ba zai roƙi ƙarin harsashi a hannun jama'a ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Doka ta rufe ƙofa, wannan daidai ne, amma ba a buɗe wa maƙeri wata ba. Jikokin irin su kakana, wasu sun koma walda, wasu kuwa sun shige ɓoye suna ƙera abin da ke kai su kurkuku, yana kuma tsinke wa 'yan banga yatsu, domin bututun da ba a auna ƙarfinsa ba ba ya yin gargaɗi kafin ya fashe. Basirar tana nan, awon ne ba a koya musu ba.

A 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar DICON wadda ta ba ta damar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Ina fatan idan za a ɗebi masu koyon aiki a leƙa kasuwar Panteka, inda yara ke narka ƙarfe suna zuba kayan injin, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a maƙwabtaka da su. Na koya wa irinsu karanta ma'auni a masaƙa, kuma ba su daɗe ba suka kama.