Harajin lemon kwalba da ruɓewar haƙori: Abin da ya faru a Birtaniya

Harajin lemon kwalba kuɗi ne da gwamnati ke ɗorawa kan abin sha mai sukari domin rage shansa. An fi danganta shi da yaƙi da ƙiba da ciwon sukari, amma haƙori na cikin sassan jikin da sukari ke fara yi wa lahani. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna cin sukarin, su fitar da sinadari mai tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙori har ya yi kogo. Yawan kurɓar lemo a tsawon yini na sa haƙori ya daɗe cikin wannan tsami.

Birtaniya ta sanar da nata harajin a 2016, ya fara aiki a Afrilun 2018. Lokacin da ya fara aiki, an kasa shi gida biyu: peni 18 a kan kowace lita idan sukarin ya kai giram 5 a mililita 100, da peni 24 idan ya kai giram 8. Saboda haka kamfanoni da dama suka rage sukarin da ke lemonsu don kauce wa biya.

Wani bincike na masana a Jami'ar Cambridge da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa kwantar da yara a asibiti domin cire ruɓaɓɓen haƙori ya ragu da kashi 12 cikin 100 a Ingila. Raguwar ta fi yawa a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ba a kuma ga wani sauyi a tsakanin waɗanda suka kai shekara goma ba. Wannan lamari ya fi shafar talakawa, domin a Ingila 'ya'yan unguwanni mafiya talauci ana cire musu haƙori fiye da ninki uku na 'ya'yan masu hali.

Najeriya ma ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021. Sai dai kuɗin ɗaya ne ko sukarin ya yi yawa ko kaɗan, don haka babu abin da zai tilasta wa kamfani rage shi. Hauhawar farashi kuma ta rage masa nauyi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar harajin da zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100.