Hana shan taba a wuraren taruwar jama'a

A ranar 29 ga watan Maris na shekarar 2004 ne Jamhuriyar Ireland ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta haramta shan taba sigari a dukkan wuraren aiki da ke cikin gini, har da mashayu da gidajen cin abinci.

Masu mashayu sun yi ta kukan cewa ciniki zai mutu, amma ministan lafiya na lokacin, Micheál Martin, ya tsaya kai da fata. Yankin Scotland ya bi sahu a 2006, Ingila kuma a 2007.

Hujjar da gwamnatoci suka dogara da ita ba lafiyar mashayin ba ce, domin shi ya zaɓa wa kansa. Maganar ta wanda ke gefensa ce: ma'aikaciyar da ke yini tana kai abinci cikin hayaƙi, ko yaron da ke zaune a mota.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana hallaka mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su shan ta, shaƙar hayaƙin wasu kawai suke yi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa yawan masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya a Scotland ya ragu da kashi 17 cikin 100 bayan kafa dokar.

Masu adawa dai na cewa wannan tauye 'yanci ne, kuma keɓe wa mashaya kusurwa guda ya wadatar. Sai dai hayaƙi bai san iyaka ba, shi ya sa hukumar ta nace cewa haramci gaba ɗaya ne kawai ke kare jama'a.

Najeriya ta riga ƙasashe da dama yin doka a takarda. Tun a 1990 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da motocin haya, amma kusan ba a aiwatar da dokar ba.

Ƙasar ta amince da yarjejeniyar duniya kan taƙaita taba a 2005. Abuja ta ayyana nata haramcin a 2008, Legas ta yi doka a 2014, sannan a watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar ƙasa baki ɗaya.

Dokar ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 taba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, abin da har yanzu masu tireda da yawa ke yi a fili. Ta kuma bar ƙofar keɓe wa mashaya wuri na musamman, wanda shi ne abin da masu fafutuka suka fi suka a cikinta.