TARIHIN DANCEHALL: YADDA KIƊAN TALAKAWAN JAMAIKA YA ISO GIDAJEN BIKINMU

Yawancin mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da suka taso zamanin kaset, in an ce rege, Bob Marley da Lucky Dube suka sani. Amma akwai ƙanen rege da ya fi shi shiga gidajenmu ba tare da mun san sunansa ba: dancehall.

Asalinsa daga unguwannin talakawan Kingston ne, babban birnin Jamaika. Tun shekarun 1950, irin su Coxsone Dodd da Duke Reid ke jibge manyan lasifiku a fili, su sa faifai, jama'a su kwana suna rawa. Wajen 1970 U-Roy ya yi suna da surutu a kan faifai: a cire muryar mawaƙi, shi kuma ya riƙa jefa magana yana zuga 'yan rawa, tamkar sanƙira a gaban makaɗa.

Daga nan zamani ya juya. Zaɓen 1980 ya ci ɗaruruwan rayuka a Jamaika, Bob Marley kuma ya rasu a 1981. Samari suka gaji da waƙar wa'azi, suka koma kan abin da ke gabansu: rawa, mata, kwalliya, bugun ƙirji da habaici. Henry Junjo Lawes ya riƙa haɗa kiɗa da makaɗan Roots Radics, ya fito da Barrington Levy da Yellowman. Shi Yellowman zabiya ne, a gidan marayu ya taso cikin tsangwama, amma da kaifin baki ya zama sarkin fage.

Babban juyin ya zo a 1985. Wayne Smith da abokinsa Noel Davey suka tsinci wani kiɗa cikin 'yar ƙaramar fiyano, Casio MT-40, suka kai wa mai haɗa kiɗa King Jammy a unguwar Waterhouse. Aka haifi kiɗan Sleng Teng. Babu mai ganga, babu mai jita, na'ura ce kawai. Ɗaruruwan mawaƙa suka hau wannan kiɗa ɗaya, kowa da nasa baitocin. Daga ranar, yaron da ba shi da kuɗin tara makaɗa ya samu hanyar shiga sutudiyo.

Abin bai tsaya a tsibirin ba. Waƙar Dem Bow ta Shabba Ranks, ta 1990, ita ce tushen kiɗan reggaeton, shi kuma ya ɗauki Grammy a 1992 da 1993. A Legas, unguwar Ajegunle ta fitar da Daddy Showkey da rawar galala, kafin zuwan su Timaya, Patoranking da Burna Boy.

To mu fa? Waƙoƙin finafinan Kano daga Indiya suka fi kwaso salo, wannan ba a musu. Sai dai hanyar aikin iri ɗaya ce da ta King Jammy: ɗaki ɗaya, fiyano Yamaha, mai kiɗa ɗaya, mawaƙa na layi. Sannan ka duba gidan biki yau: janareta na ruri, lasifiku a ɗaure kan benci, DJ riƙe da makirufo yana rage kiɗa ya kira sunan ƙawayen amarya, ya sake saki. Aikin U-Roy ke nan, ko shi bai sani ba.

Riba ta samu, don ɗan talaka ya yi waƙa da kuɗi kaɗan. Hasarar kuma ta faɗa kan masu kalangu, waɗanda a da ba a biki sai da su. A ƙasar da Shata ya zauna, Funtuwa na nan kusa, yara nawa ne yau ke koyon riƙe kalangu?