Mazaɓar Dutse

Mazaɓar Dutse ɗaya ce daga cikin mazaɓu 30 na Majalisar Dokokin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. A majalisar tarayya kuwa, Dutse da Kiyawa wakili ɗaya ke gare su. Wasu kan ce mazaɓar birni ce, tunda nan ne fadar gwamnati da ta Sarkin Dutse. Amma garuruwa irin su Chamo, Kudai, Sakwaya da Madobi na manoma ne, kuma ƙuri'unsu na da nauyi. Ƙananan hukumomin Gwaram, Kafin Hausa da Ɓaɓura kowacce kujeru biyu take da su a majalisar jihar, Dutse kuwa ɗaya, don haka wajibi ne wakilinta ya riƙa kula da ƙauyuka kamar yadda yake kula da birni.